Littafin aiki: yadda muke rubuta ƙa'idojin tallafin haya na gaggawa

Litinin, 11 ga Janairu, 2021

Yau shugabar sashenmu ta ɗora mini aikin. Gundumarmu, a nan Amurka, za ta sami kaso daga dala biliyan 25 da majalisar dokoki ta ware domin 'yan hayar da annobar korona ta karya, a cikin dokar kasafin kuɗin da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Disamba. Shirin ERA ake ce masa, wato tallafin haya na gaggawa. Ta hannun Ma'aikatar Baitulmali kuɗin zai fito, ba ta ma'aikatar gidaje ta HUD da muka saba aiki da ita ba. Jihohi suna karɓa, haka ma duk birni ko gundumar da mutanenta suka haura 200,000. Mun haura, kuma gobe ne ranar ƙarshe ta miƙa takardar neman kason.

Nawa aikin shi ne rubuta kundin ƙa'idoji: wa ya cancanta, wace takarda zai kawo, wa zai duba, wa zai sa hannu, hannun wa kuɗin zai shiga, in kuma an hana mutum ina zai kai kukansa. Mu huɗu ne, ni da shugabar, da akanta, da lauyar gunduma da aka ara mana kwana biyu a mako. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to mu tafiyar ta riga ta kama mu, don akwai waɗanda bashin haya ya hau kansu tun Maris ɗin bara.

Zan riƙa rubuta abin da muka yanke da dalilinsa a nan. Wata rana masu binciken kuɗi za su zo su tambayi dalilin kowace ƙa'ida, lokacin da mu kanmu mun manta.

Laraba, 13 ga Janairu

Kwana biyu ina kan dokar. Sharuɗɗa uku ne. Na farko, wani a gidan ya cancanci kuɗin rashin aiki, ko samunsa ya ragu, ko ya shiga matsin kuɗi saboda annobar. Na biyu, a ga alamar gidan zai rasa muhalli, kamar notis na bashin haya ko na wuta. Na uku, kada samun gidan ya wuce kashi 80 cikin 100 na tsaka-tsakin samun yankin. HUD ce ke fitar da wannan tsaka-tsakin duk shekara: a jera iyalan yanki daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauki na tsakiya, sannan a daidaita shi da yawan mutanen gida.

Ana biyan har wata 12, a ƙara 3 in da buƙata. Hayar gaba ba a biyan fiye da wata uku a lokaci guda, kuma sai an taɓa tsohon bashi tukuna. Wuta da ruwa da gas duk suna ciki. Mai gida ake biya ko kamfanin wuta, sai in sun ƙi karɓa ake ba ɗan haya a hannunsa.

A takarda abin ba wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne da me mutum zai tabbatar da kowane sharaɗi.

Laraba, 20 ga Janairu

Jiya Baitulmali ta fitar da bayaninta na farko, tambaya da amsa. Ta nemi a karɓi takardun shaida, ta kuma ce sai an yi kwana 21 ana neman mai gida kafin a ba ɗan haya kuɗi a hannu. Yau kuma gwamnati ta canja, Shugaba Biden ya hau, sabuwar shugabar hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC, Rochelle Walensky, ta ce dokar hana tashin 'yan haya da hukumar ta kafa saboda annobar za ta kai 31 ga Maris.

Na gama daftari na farko. Takardu goma sha ɗaya na jera: katin shaida na kowane baligi a gida, yarjejeniyar haya mai sa hannu, takardar haraji ta 1040 ko takardun albashi na wata biyu, wasiƙar kora daga wurin aiki, lissafin bashi daga mai gida, da sauransu. Akanta ya karanta ya ce ya yi. Ni ma na ji daɗinsa, don ban ga ƙofar da maƙaryaci zai shigo ba.

Talata, 26 ga Janairu

Kuɗi ya shigo asusun gunduma. A kowace dala 100, 90 dole ta tafi ga haya da wuta da makamantansu. Daga 10 da ta rage za mu biya ma'aikata, da manhaja, da tafinta, da masu ba 'yan haya shawara.

Kamfani biyu sun kawo farashin manhajar karɓar buƙatu. Ɗaya dala 175,000 a shekara, za ta kammala cikin mako uku. Ɗayan dala 62,000, amma mu za mu tsara fom ɗin da kanmu. Mun ɗauki mai arha, don da bambancin za mu ƙara ma'aikata. Mun sa a nemo ma'aikatan wucin gadi shida a kan dala 22 awa ɗaya.

Laraba, 3 ga Fabrairu

Wannan ranar ba zan manta da ita ba. Na roƙi ƙungiyoyin unguwa biyu su haɗa ni da gidaje goma sha biyu da ake bin su haya, mu gwada daftarin a kansu kafin a buɗe. Uku ne kaɗai suka iya kawo takardun duka. Ukun nan kuwa su ne masu dama-dama a cikinsu: sun yi aikin kamfani, an sallame su da wasiƙa, suna da yarjejeniya daga babban kamfanin gidaje. Taran da suka kasa su ne waɗanda ruwa ya fi kai wa wuya.

Akwai mai kitso da ke aiki a falonta, kuɗi a hannu ake biyanta, babu wanda zai rubuta mata wasiƙar cewa kasuwa ta mutu. Akwai mai goge ofisoshi da aka ce mata ta waya kawai kada ta ƙara zuwa. Akwai wanda yarjejeniyarsa ta ƙare tun 2018, yana zaune wata-wata.

Sai wani dattijo direban tasi, mutumin Nijar. Da ya ji sunana ya juya harshe zuwa Hausa, muka gaisa sosai.

Na ce, "Baba, akwai yarjejeniyar haya?"

Ya ce, "Ɗiyata, wace yarjejeniya? Ɗaki na kama wurin wani bawan Allah, shi sunansa ke kan takardar gidan. Duk wata nakan ba shi kuɗinsa a hannu. Shekara shida ba mu taɓa saɓawa ba, sai da cutar nan ta zo."

"Rasit fa, Baba?"

"Ai tsakaninmu amana ce."

Wata tara ake bin sa. Wanda ya ba shi ɗakin shi ma ana bin sa, saboda kason Baba ne ke cika masa kuɗin gidan. Gida ɗaya, mutum biyu a bakin titi, kuma kundin da na rubuta da hannuna ba shi da gurbin ko ɗayansu. Da zai tafi ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin dai saurare ni." Na koma mota na daɗe ban tayar ba. Na rubuta daftarin nan ina kallon wanda zai cuce mu, ban ɗaga kai na kalli wanda aka ware kuɗin dominsa ba.

Talata, 9 ga Fabrairu

Mun yi doguwar muhawara da akanta. Na kawo shawarar in mutum ba shi da takarda, ya rubuta halin da yake ciki ya sa hannu, mu karɓa. Ya ce a'a. Hujjarsa ba ta banza ba ce: dokar ta ba Sufeto Janar na Baitulmali ikon bin diddigin kuɗin, in ya ga an kashe ba bisa ƙa'ida ba, a karɓe shi daga gunduma. Ya ce ranar da aka zo karɓa, daga kuɗin gyaran hanyoyi da na asibiti za a cire, kuma sa hannunsa za a gani a ƙasan kowane ceki.

Na ce masa kuɗin da ya kwanta a asusu har aka watsa wa mutane kaya a waje shi ma asara ne, sai dai ba a rubuta irinsa a rahoton bincike. Lauya ta ce da bayanin 19 ga Janairu a hannu, ba za ta iya goyon bayana ba. Mun tashi ba matsaya. Abin da na samu kawai shi ne a cire katin shaida na kowane baligi, a bar na mai nema.

Mun kuma cire gurbin lambar Social Security, lambar shaida da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da haraji, daga cikin na dole. Dokar ba ta sa sharaɗin takardar zama a ƙasa ba, kuma ƙungiyoyin unguwa sun gaya mana cewa ganin gurbin nan kaɗai ya isa wasu su rufe fom ɗin.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Horar da ma'aikata shida. An ba da fassarar fom zuwa harsuna huɗu, dala 3,400. Sauran harsuna ta layin tafinta na waya, ana biya minti-minti.

Talata, 23 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi. Jiya Baitulmali, yanzu ƙarƙashin Janet Yellen, ta sake bayaninta, kuma kusan duk abin da muka yi ta ja a kai ta warware shi. An yarda mutum ya ba da shaida a kan kansa a rubuce inda takarda ta gagara. Neman mai gida ya sauko daga kwana 21 zuwa 14 in ta wasiƙa ne, ko kira uku cikin kwana 10 in ta waya ko tes ko imel ne. Wanda wata hukumar gwamnati ta riga ta tantance samunsa daga 1 ga Janairun 2020 zuwa yau, wasiƙarta ta wadatar. Kuɗin intanet na gida ma ana iya sa shi.

Ga wanda ba shi da yarjejeniya, in ya nuna a gidan yake zaune amma ba shi da shaidar nawa yake biya, ana iya karɓar maganarsa a rubuce a biya shi, muddin bai wuce ƙiyasin hayar yankin da HUD ke fitarwa ba, na wata uku. Bayan ukun sai an sami wata shaida. Baba ya faɗo mini a rai nan take.

Amma akwai sharaɗi, kuma a wuyana yake. Dole kundinmu ya fayyace a wane hali ake karɓar shaidar kai, da matakan da muka ɗauka na tare zamba. Wato ba a ce a buɗe ƙofa a tafi barci ba. Ni da akanta mun zauna har dare muka tsara shi hawa uku. A fara tambayar takarda. In babu, a karɓi duk abin da ya yi kama da ita, hoton saƙon tes daga mai aiki, ko bayanan banki, ko wasiƙar ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya san gidan. In shi ma babu, mutum ya rubuta ya sa hannu, ma'aikacinmu ya rubuta layi biyu kan dalili. Akanta ya nemi a riƙa zaro fayil ɗaya cikin goma ana sake dubawa bayan an biya. Na amince da zuciya ɗaya, don gara a bincika kaɗan daga baya da a tsare kowa a bakin ƙofa.

Takardu goma sha ɗaya sun koma huɗu. Daftari na biyu ke nan.

Talata, 2 ga Maris

Batun wa za a fara biya. Dokar ta ce a fifita gidan da samunsa bai wuce kashi 50 cikin 100 na tsaka-tsakin ba, da gidan da wani ya yi kwana 90 ba aiki. Yadda za a yi fifikon kuwa an bar mana.

Shugaba ta so a bi layi, wanda ya riga zuwa ya riga samu, don shi ya fi sauƙin bayani. Na ƙi. Wanda ke riga zuwa shi ne mai kwamfuta da intanet mai ƙarfi da Turanci a baki. Mun tsaya a kan a tara buƙatun mako biyu, a jera su bisa fifiko, a biya, a sake tara na gaba. Duk wanda ke da sammacin kotu a hannu kuma ba ya jiran zagaye, a ranar ake ba fayil ɗinsa ma'aikaci.

Juma'a, 12 ga Maris

Jiya aka sa hannu a dokar ceto tattalin arziki, da ƙarin dala biliyan 21.55 na haya. Wannan shi ne ERA na biyu. Ƙa'idojinsa sun ɗan bambanta: jimillar watanni ta kai 18 in an haɗa da na farko, kuɗin gudanarwa kashi 15, kuma ya isa a ce matsin ya sami mutum a lokacin annobar, ba sai ya nuna ita ta jawo ba. An kuma ja wa'adin kashe kuɗin farko zuwa 30 ga Satumban 2022. Ke nan asusu biyu, doka biyu, amma na ƙudura fom ɗaya mutane za su gani. Rarrabewar aikinmu ne a ofis.

Litinin za mu buɗe, in sha Allah.

Litinin, 15 ga Maris

Mun buɗe ƙarfe tara. Kafin azahar waya ta cika da kuka. Fom ɗin yana rufe kansa in mutum ya yi minti 20 bai taɓa shi ba, duk abin da ya cika ya goge. Mutum zai tashi neman takardar wuta a cikin durowa, ya dawo ya tarar da shafi fari. Hoton da aka ɗauka da waya kuma ya fi girman da manhajar ke karɓa, sai ta ƙi shi ba tare da ta faɗi dalili ba. Mu a kwamfutar ofis muka yi duk gwajinmu, alhali yawancin masu nema da waya suke shiga. Wannan sakacinmu ne, ni ce kuma na sa hannu cewa an gwada.

Kamfanin ya ce gyaran zai ci dala 4,800 da kwana biyar. Mun biya. Kafin nan na rubuta ƙa'idar wucin gadi: ma'aikaci na iya cika wa mutum fom ta waya, ya karanta masa shaidar, a aika masa ya sa hannu daga baya. Mun kai fom na takarda ɗakunan karatu na unguwanni.

Laraba, 24 ga Maris

Masu gidaje. A daftarina na sa duk mai gidan da zai karɓi kuɗinmu ya yafe tarar jinkiri, ya kuma yi alkawarin ba zai tashi ɗan hayar ba har wata shida, ko ƙara masa haya. Niyyata kare 'yan haya ce. Abin da ya faru shi ne da yawa sun karanta sun ajiye, fayiloli suka tsaya cak.

Wata tsohuwa ta kira ni da kanta. Gida ɗaya gare ta mai hawa biyu, tana sama, 'yan haya suna ƙasa, da hayar take biyan bashin banki. Wata bakwai ba ta karɓi ko sisi ba, ba ta kuma kai su kotu ba don tana tausayin yaransu. Ta ce ba za ta iya ɗaure kanta wata shida ba, alhali wata uku kawai muka ce za mu biya na gaba. In sun sake kasawa a wata na huɗu, banki zai karɓe gidan, ita da su duka su fita. Ban sami abin ce mata ba, don gaskiya ta faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni a raina duk mai gida babban kamfani ne mai lauyoyi.

Mun sassauta: ba tashi a watannin da muka biya, da kwana 30 bayansu. Tarar jinkiri mai ma'ana za mu biya. Sai kuma takardar haraji ta W-9 da dole mai gida ya cike kafin a rubuta masa ceki. Wasu suna gudunta, musamman masu karɓar haya a hannu. Wannan ba mu da ikon cire ta. Wanda ya ƙi, a ƙirga kwanakin, a ba ɗan haya.

Talata, 30 ga Maris

CDC ta ja dokar hana tashi zuwa 30 ga Yuni. Na sa a ƙara bayani a wasiƙunmu cewa dokar ba ta yafe bashi ba, kuma ba ta kare mutum sai ya cika takardar shela ya miƙa wa mai gidansa. Da yawa ba su san haka ba.

Juma'a, 2 ga Afrilu

Sababbin alkaluman samu na HUD sun fito jiya. Na sabunta jadawali. Cekin zagayen farko sun fita.

Laraba, 14 ga Afrilu

Azumi ya kama jiya, ga kuma ranar da ta fi kowace nauyi. Binciken fayil ɗaya cikin goma ya kamo mun biya gida ɗaya sau biyu, dala 5,850 kowane. Dokar ta yarda mai gida ya nema a madadin ɗan haya in ɗan hayar ya sa hannu. To mai gidan ya nema, ɗan hayar ma ya nema da kansa, ɗaya ya rubuta lambar ɗaki a gaban adireshi, ɗaya a baya, manhaja ta ɗauka gidaje biyu ne. Ma'aikata biyu daban suka duba. Ba wanda ya yi niyyar cuta, mai gidan ya mayar da kuɗin da muka kira shi.

Da muka zurfafa sai ga wata ta daban. Wani ya nemi kuɗin gidaje uku a matsayin mai gida, da muka duba rajistar filaye ta gunduma babu sunansa a ko ɗaya. Ba a kai ga biyansa ba. An miƙa wa lauya.

Na zaci akanta zai ce a koma gidan jiya. Bai ce ba. Shi da kansa ya lura cewa duka matsalolin biyu ba daga shaidar kai ta 'yan haya suka fito ba, kuma mai zambar takardunsa sun fi na kowa kyau, yarjejeniya uku cif da sa hannu. Sababbin ƙa'idoji: a daidaita rubutun kowane adireshi da tsarin gidan waya kafin a buɗe fayil, a duba sunan mai gida a rajistar filaye kafin a biya, wanda ya duba fayil kuma ba shi zai amince da biya ba. Za mu riƙa musayar jerin adireshi da shirin jiha duk mako, don dokar ta hana a biya wata ɗaya sau biyu da kuɗin tarayya. Duk wannan aikinmu ne, ba mu ƙara wa mai nema ko takarda ɗaya ba.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Allah ya tsare mu yau. Tsarinmu yana aika kwafin wasiƙar amincewa ga duk wanda sunansa ke kan yarjejeniyar haya. Wata mata ta gudu daga mijin da ke dukanta, ta kama wani wuri da 'ya'yanta, ta nemi a biya mata tsohon bashi da sabuwar haya. Wasiƙar tana ɗauke da sabon adireshinta, kuma sunan mijin na kan tsohuwar yarjejeniya. Ma'aikaciyarmu ce ta tuna abin da matar ta gaya mata a waya, ta je ta zare ambulan daga tiren wasiƙu da hannunta.

Dokar ta ambaci wannan ƙarara, a kare sirrin waɗanda suka tsira daga dukan abokin zama ko fyaɗe ko bibiya. Na karanta wurin tun Janairu, na rubuta sakin layi ɗaya a kundi cewa za mu kiyaye sirri, ban bi na ga ta ina wasiƙa ke fita ba. Daga yau wasiƙa ga mai nema kaɗai take zuwa. An ƙara tambaya a farkon fom: akwai wanda ba ka so ya san inda kake? Wanda ya ce e, fayil ɗinsa mutum biyu ne kawai ke iya buɗewa, mai gida kuma adadin kuɗi da watanni kaɗai zai gani.

Har na sha ruwa jikina bai daina rawa ba.

Litinin, 10 ga Mayu

Baitulmali ta sake sabunta bayani ranar Juma'a, 7 ga wata. Jiran mai gida ya koma kwana 7 ta wasiƙa, 5 ta waya. A kuɗin ERA na biyu dole a ba ɗan haya kai tsaye in mai gida ya ƙi. An hana tashin mutum saboda rashin biya a watannin da tallafin ya ɗauka. An kuma yarda a yi amfani da wata alama a madadin takardar samu, misali matsakaicin samun unguwar da mutum ke zaune, a haɗa da shaidarsa a rubuce. Wannan zai rage mana aiki ƙwarai, don tantance samu shi ke cinye mafi yawan lokacin ma'aikata. Na roƙi sashen taswira su fitar mana da unguwannin da za su shiga.

Daftari na huɗu. Na fara sa kwanan wata a ƙasan kowane shafi, saboda na tarar da ma'aikaci ɗaya yana aiki da na Fabrairu. Kowane fayil kuma za a rubuta da wane daftari aka yanke masa hukunci.

Talata, 18 ga Mayu

An yi Sallah lafiya. Na rubuta babin ɗaukaka ƙara: wasiƙar hani ta faɗi dalili da harshen da mutum ya nema da shi, yana da kwana 21 ya nemi a sake dubawa, wanda zai sake dubawar kuma ba wanda ya hana ba ne. Fayil ɗin da takarda ta rage ba a rufe shi sai an nemi mai shi sau uku ta hanya biyu daban. Da na duba, waɗanda muka hana kaɗan ne. Waɗanda suka fara suka bari a tsakiya sun ninka su, kuma ba su bayyana a kowane rahoto.

An biya wa Baba wata uku. Lasisin tasinsa da wasiƙun banki sun nuna adireshin, ya rubuta nawa yake biya ya sa hannu. Ya kira ni yana ta addu'a. Na ce, "Baba, saura wata shida fa, ban da waɗanda suka ƙaru, kuma sai mun sami shaida." Na tambaye shi ko daga banki yake ciro kuɗin hayar. Ya ce e, farkon kowane wata, adadi ɗaya. Na ce ya karɓo bayanan shekara biyu. In abin ya fito a jere, zan kai wa lauya ta duba ko zai tsaya a matsayin shaidar biya. Wanda ya ba shi ɗakin ma ya shigar da tasa buƙatar, sai mun lura kada kason Baba ya shiga lissafi sau biyu.

Juma'a, 25 ga Yuni

Wata guda ban rubuta ba, aiki ya sha kaina. Ma'aikata biyu sun tafi, sun sami aikin dindindin, sai da muka horar da wasu. Daga nema zuwa biya yanzu kusan mako huɗu ne, da ya kai bakwai. Har yanzu ya yi yawa ga mai notis a ƙofa. Lauya ta karɓi bayanan bankin Baba, fayil ɗinsa na jiran sa hannu na biyu.

Jiya CDC ta ƙara wata ɗaya, zuwa 31 ga Yuli, ta ce tana nufin wannan ne na ƙarshe. Baitulmali kuma ta ƙarfafa a haɗa kai da kotuna, ta ba da damar biyan manyan masu gidaje da kamfanonin wuta a dunƙule. Daga 30 ga Satumba za a fara karɓe kuɗin da ya kwanta a ba waɗanda suka ɗaure aƙalla kashi 65 cikin 100 na kasonsu. Akanta ya ce a tafiyar da muke yi, da ƙyar mu kai.

Abin da ke gabana kafin ƙarshen Yuli: babi a kan tebur a harabar kotu, ma'aikaci ɗaya da kwamfuta duk ranar da ake shari'ar haya, da wasiƙar da za mu riƙa ba alƙali cewa buƙatar mutum tana hannunmu. Sai yarjejeniya da kamfanin wuta kan biya a dunƙule. Sai kiran waɗanda suka bar fom a tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, na roƙi a ba ni mutum biyu na mako uku, dala 5,280. Ranar Talata ƙarfe goma za mu gana da magatakardan kotu, lauya ta ce in zo da daftarin wasiƙar.